Tambayi Gwaggo: Daminarsu daban, tamu daban

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙu uku na ware a wannan fitowar, domin duk sun haɗu a kan abu guda, wato tafiya zuwa garuruwan bakin teku masu zafi da ruwan sama. Ta farko ce za ta ci mana wuri, saboda akwai tsohuwa a cikinta.

TAMBAYA: Gwaggo, barka da war haka. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi a babbar kasuwar Katsina. Mahaifiyata ta haura shekara saba'in, tana da hawan jini, ga ciwon gwiwa. Tana da ƙane a birnin Akra na ƙasar Gana, a unguwar Nima, wanda ya bi fatake tun yana saurayi ya yi zamansa can. Rabonsu da juna tun kafin a haife ni. Yanzu ta tasa ni gaba sai na kai ta sun gana. Na tsayar da watan Yuni, saboda lokacin kasuwa ta yi sanyi, kowa ya koma gona. An ce mini ba a neman biza. Shin mota za mu bi ko jirgi, kuma me ya kamata in tanada?
Daga mai karatunki a Ƙofar Ƙwaya, Katsina.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka kamar yadda kake yi wa Hajiya. Sada zumunci irin wannan ba a jinkirta shi, musamman da su biyun shekaru sun ja. Amma ka cire watan Yuni daga lissafinka.

Ka zaɓi Yuni ne da idon Bakatsine. A nan gida Yuni farkon damina ne, ruwa jefi-jefi, ana shuka, sai Agusta marka take sauka. A Akra abin a juye yake. Damina biyu gare su a shekara. Babbar tana kamawa daga Afrilu ta kai tsakiyar Yuli, kuma ƙarfinta duka a Mayu da Yuni yake. Ƙaramar tana zuwa wajen Satumba da Oktoba. Ruwan da ke sauka a Akra a shekara bai fi namu da wani abin kirki ba, sai dai yana zubowa ne a dunƙule, a kan gari mai kwari, mai cunkoso, wanda magudanansa suka cika da leda da yashi. Ranar 3 ga Yuni, 2015, ruwa ya ci tsakiyar birnin, mutane suka fake a wani gidan mai kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, man fetur ya bi kan ruwa, wuta ta tashi, aka rasa rayuka sama da 150. Har yau mutanen Gana ba su manta da wannan rana ba.

Akwai wani gida da nake sauka a unguwar Alajo, kusa da rafin Odaw, lokacin da nake saro atamfa. A bangon tsakar gidan akwai zane mai launin ƙasa wanda ya zagaye ɗakunan duka, tsayinsa ya kawo mini ƙirji. Matar gidan ta ce nan ruwa ya tsaya. Katifunsu a kan benci suke, akwatunan tufafi a saman kwaba, buhun shinkafa ma ba ya kwana a ƙasa daga Mayu har Yuli ya wuce. Mai ƙafa lafiyayya zai iya tsallake kwata ya haye tudu cikin dare. Hajiya da gwiwarta fa?

Ka mayar da tafiyar Agusta. Shi ne wata mafi sauƙin zafi a Akra. Sama takan kwana ta wuni a lulluɓe, iska mai sanyi na busowa daga teku, ruwa kaɗan ne, zafin rana ba ya cika kaiwa digiri 30. Kuma ya yi daidai da buƙatarka, don a Agusta ma kasuwarmu ba ta farfaɗo ba, sai amfanin gona ya shigo gida. Abin da za ka sani kawai shi ne a wannan watan ƙabilar Ga, masu garin, suke bikinsu na Homowo, ana rufe wasu hanyoyi a tsofaffin unguwanni irin su James Town. Kawunka zai san ranakun.

In Agusta bai yiwu ba, ka duba ƙarshen Nuwamba, ko tsakiyar Janairu. Disamba ka bar wa masu kuɗi. Tun daga 2019, da gwamnatin Gana ta yi gangamin kiran baƙaƙen fata na Amurka da Turai su zo ganin tushensu, Disamba ta zama watan cika da tsada a Akra, kujerar jirgi da ɗakin otal duk sai sun ninka. Janairu kuma matsalarta a wajenmu take, hazon hunturu yakan hana jirgi tashi ko sauka a Kano da Katsina, wani lokaci kwana da kwanaki. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafinsu ke nan, ga shi a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa cikin Fabrairu da Maris.

Na san abin da za ka ce: wanda ya sha ranar Afrilu a Katsina, digiri 40 har da ɗoriya, wane zafi za a ba shi labari? Ai ba iri ɗaya ba ne. Namu busasshe ne, ka yi zufa ta bushe, ka shiga inuwar darbejiya ka sha ruwan randa ka dawo hayyacinka. Nasu bai cika wuce 33 ba, amma iskar a jiƙe take, zufa ba ta bushewa, inuwa ba ta ceto, dare ma bai kawo sauƙi. Kamar ka zauna kusa da madambaci ne ana turara dambu. Tsoho mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa yawan fitsari, ruwan jikinsa yakan ƙare bai sani ba, sai dai a ga jiri ya ɗebe shi. Ka saya mata atamfa da mayafi na auduga marasa nauyi. Hijabin roba mai kauri da lesi su zauna a gida.

Batun hanya, jirgi za ku bi. Ni na bi ta ƙasa ba sau ɗaya ba, kuma ba zan ɗora wa tsohuwa ita ba. Daga Katsina zuwa Legas kaɗai tafiyar yini da kwana ce. Daga nan sai iyakar Seme, ku ratsa Kwatano, ku tsallaka Togo ta Hilakonji, ku wuce Lome, ku shiga Gana ta Aflawo. Iyaka uku ke nan, kowace sai an sauko daga mota an bi layi, ga shingaye a tsakani. A jirgi kuwa daga Legas zuwa Akra kamar awa ɗaya ce, daga Abuja bai kai biyu ba. Ku tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa in an dace da ranar jirgi, ko ku yi sammako zuwa Kano bayan gari ya waye, kada ku yarda dare ya same ku a hanya. Sannan kada ka haɗa jirgin cikin gida da na Akra a yini guda. Jiragenmu suna ɗaga lokaci ba sanarwa, in na farko ya makara na biyu ba zai jira ku ba, kuɗin kuma ya tafi. Ku kwana a Abuja ko Legas, Hajiya ta miƙe ƙafa, washegari ku tashi a natse. Lokacin sayen tikiti ka ce a rubuta mata keken tura marasa ƙarfi. Kyauta ne, amma ana son a nema tun kwana biyu kafin tafiya. Ko ta ce ita ba gurguwa ba ce, ka lallashe ta, tafiyar cikin filin jirgin Legas ta fi daga gidanku zuwa hasumiyar Gobarau.

Gaskiya ne ba a neman biza. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikin ƙungiyar damar shiga wata ya zauna har kwana 90. Amma wajibi ne ku riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, in fasfo ne kuma ka duba ya kasance da sauran aƙalla wata shida a jikinsa. In za a yi wa Hajiya sabo, fara yau, domin sai suna da ranar haihuwa sun zo daidai da na katin NIN, kuma gyaran wannan a wajen tsofaffinmu shi ke cin makonni. Da kun sauka, ka buɗe fasfo biyun a gaban jami'in shige da fice ka ga hatimi da adadin kwanakin da ya rubuta kafin ka matsa.

Sai katin rigakafin cutar shawara, wanda ake ce wa yalo kad. Nan nake so ka nutsu. Ana tambayarsa a Akra. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba abin yi ana gobe tafiya ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Kai naka mai sauƙi ne. Na Hajiya ne ke son likita, domin wanda ya wuce shekara 60 kuma bai taɓa yin ta ba, allurar takan iya ba shi wahala mai tsanani fiye da yaro. In ta taɓa sauke farali, ku buɗe tsohuwar jakar Makkarta ku nemo katin, mai yiwuwa an yi mata tun lokacin. Ku kai shi ofishin lafiya na filin jirgin Kano, su ne masu bayar da sabon kati irin wanda aka fito da shi a 2019. In ba ta taɓa yi ba, likitanta ne zai yanke, ko a yi mata ko ya rubuta takardar uzuri. Masu zagaya bakin filin jirgi suna cewa kawo kuɗi in kawo maka kati ba allura, ka yi nesa da su. Ranka kake wasa da shi, cutar nan tana nan a ƙasashenmu biyu.

Magungunanta ka ɗauki na kwanakin tafiya ka ƙara na mako biyu, cikin kwalayensu na asali, a jakar hannu. Likita ya rubuta maka sunayensu da awonsu a takarda. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ku gyara saboda salla da shan magani. Gidan sauro ma ka saka a kaya. Mu nan sauro da damina yake tasowa, can kuwa ba shi da hutu duk shekara.

Yanzu masauki, kuma shi ne wurin da kunya take cutar mutanenmu. Nima gida ce ga Bahaushe. Za ka ji Hausa a bakin mai koko, a masallaci, a wajen mahauci, ko da yake harshen nasu ya ɗan sha bamban da namu. Amma unguwa ce mai matsatsi, lunguna ƙanana, manyan kwatoci a buɗe, gidajen haya masu iyali da yawa a tsakar gida ɗaya, wasu ma banɗakin kuɗi na unguwa suke zuwa. Ban san halin da kawunka yake ciki ba, wataƙila Allah ya buɗa masa. Ka kira ɗaya daga cikin 'ya'yansa ta bidiyo a WhatsApp, ka ce ya zagaya da kai. Ka ga ɗakin da za ta kwana, ka ga fanka, ka ga ko akwai matakala, ka ga banɗaki, na tsuguno ne ko na zama, kuma taku nawa ne daga ɗakin. Ka tambaya ko mota tana isa ƙofar gida. Ka fake da gwiwar Hajiya, ba wanda zai ga baikenka. In wurin bai yi ba, ka kama ɗaki a ƙaramin masauki nan kusa, ta wuni wajen ɗan'uwanta ta dawo ta kwana.

Abinci ba zai ba ku wuya ba. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake, tuwo da miyar ayoyo, duk suna nan. Abin lura ga mai hawan jini shi ne gishiri, domin suna yawan sa busasshen kifi mai gishiri a miya, ga yajinsu baƙi da suke kira shito. Ka gaya wa matan gidan tun ranar farko. Ruwa na gora ko na leda mai hatimi za ku sha. A 2014 cutar amai da gudawa ta kama mutane sama da dubu ashirin a Gana, mafi yawansu a Akra, kuma da damina abin ya fi tsanani. Abin da aka dafa yanzu aka sauke da zafinsa shi za ku ci, yankakken kayan marmari na bakin titi ku haƙura da shi.

Kuɗinsu sidi ne. Ka riƙe 'yan daloli ka canza a shagon canji mai lasisi, kaɗan-kaɗan, kada ka dogara da katin bankinka na naira kaɗai. Raba kuɗin gida biyu, wani a jikinka wani a lalitar Hajiya. Ƙananan bas ɗinsu na haya, trotro, suna da araha amma hawansu da saukarsu sai mai ƙarfi. Ku riƙa kiran mota ta waya, Uber da Bolt duk suna aiki. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Kuma tunda ɗan kasuwa ne kai, na san zuciyarka za ta raya maka ka riƙo 'yan shaddoji ka mayar da kuɗin jirgi. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa na kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma an sha kulle shagunan 'yan Najeriya a kanta, musamman 2019 da 2020. Ka kai tsaraba, kilishi da ƙuli-ƙuli da turaren wuta, ka shiga kasuwar Makola ka ga kaya ka sayo in ka so, amma kada ka baje haja. Ranar Juma'a ka kai Hajiya babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, yana dab da Nima. Teku kuma ku gan shi daga tudu. Igiyar ruwan bakin Labadi tana ja ta ƙasa, ta sha cinye waɗanda suka iya iyo, balle mu da iyakarmu dam ɗin Ajiwa.

TAMBAYA: Gwaggo, ina gaisuwa. Maigidana yana fama da ciwon baya, likitoci sun ce sai an yi masa aiki, an ba mu shawarar Chennai a ƙasar Indiya. Wani mai haɗa irin wannan tafiya ya ce mu shirya watan Nuwamba, mu tura masa kuɗin asibiti shi zai biya. Ni zan bi shi jinya, kuma ban taɓa wuce Abuja ba. Ina cikin fargaba.
Daga 'yarki a Daura.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne. Fargabarki a kan hanya take, kuma akwai abu biyu a wasiƙarki da ban so ba, watan da kuɗin.

Ciwo ba ya duba kalanda. In likitan da ke ganinsa ya ce jinkiri zai jawo lahani, ku tafi ko ana ruwan ƙanƙara. Amma ki sa a tambaye shi baki da baki: aikin nan zai iya jira wata biyu? In ya ce zai iya, ku ɗaga zuwa ƙarshen Janairu ko Fabrairu. Yawancin Indiya daminarsu daga Yuni zuwa Satumba take, shi ya sa mutane suke zaton Nuwamba rani ne. Chennai tana gaɓar gabas, ita ruwanta daga Oktoba zuwa Disamba yake, kuma lokacin ne guguwar teku take bugo garin. A Disambar 2015 ambaliya ta sa an rufe filin jirginsu na kwanaki, a Disambar 2023 ma guguwa ta sake rufe shi, unguwanni suka zauna ba wuta. Ki yi tunanin mutumin da aka yi wa aiki a baya, yana kwance a masauki, ranar cire zare ta zo, titi ya zama kogi. A tsakiyar Janairu suna da babban bikinsu na Pongal, kwana huɗu, ayyukan da ba na gaggawa ba sukan ja baya, shi ya sa na ce ƙarshen wata. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa zafi ne mai gumi, Mayu yakan kai digiri 40.

Kuɗin asibiti a asusun asibiti ake zuba shi. Kada ku tura wa kowa a asusunsa na kansa, ko da ɗan garinku ne. Manyan asibitocin can suna da sashen baƙi 'yan ƙasar waje. Ku aika musu hotunan gwaji da rahoton likita ta imel ɗin da ke shafinsu, su za su turo muku takardar gayyata da ƙiyasin kuɗi da sunan likitan da zai yi aikin. Da wannan takardar ake neman bizar jinya tasa da taki ta mai rakiya. Lokacin da na raka ƙanena can, mun zauna masauki ɗaya da wani dattijo daga ƙasarmu wanda ɗan tsakiya ya karɓe masa kuɗi tun a gida. Ya iso ya tarar rabi kawai aka biya, wayar mutumin kuma a kashe. Ina ganinsa kullum da yamma a bakin matakala yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya a sayar masa da gona. Mai haɗa tafiya na gari yana da amfaninsa, zai tarbe ku ya nema muku ɗaki, ku biya shi ladansa daban. Ku kuma ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kan ƙiyasin da aka ba ku, don kwanaki sukan ƙaru. Tikitin dawowa ku sayi irin wanda ake iya canza masa rana, likita ne zai faɗi ranar da maigida zai iya zaman jirgi.

Indiya ba ta wasa da yalo kad. Wanda ya taho daga ƙasa irin tamu babu shi, suna iya killace shi har kwana shida. Ku yi naku da wuri, kuma ku tambayi ofishin jakadancinsu a Abuja ko suna neman shaidar ɗigon foliyo, domin sun taɓa shardanta ta ga 'yan Najeriya.

Ke kuma mai jinya, ki kula da kanki, don in kin kwanta ku biyu kun kwanta. Ki nemi masauki da za ki iya takawa zuwa asibiti, a bene mai lif da janareta, mai ɗan wurin girki. Abincinsu yaji da tsami ne, marar lafiya kuwa bakinsa na gida yake nema. Ki ƙulla garin kuka da busasshiyar kuɓewa da garin kunu kaɗan a leda mai kyau, shinkafa da semo da nama na halal duk za ki samu can, akwai Musulmi da yawa, unguwar Triplicane ma da babban masallacinta. Sauronsu mai kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba, ki riƙa shafa maganin korar sauro safe da yamma. In zazzaɓi ya kama ɗayanku, farasitamol kawai za a sha a tafi asibiti. Asfirin da ibuprofen suna ƙara haɗarin zubar jini a wannan cutar. Yarensu Tamil ne, amma ma'aikatan asibiti suna jin Turanci. In naki bai yi ƙarfi ba, ki roƙi a rubuta miki komai a takarda, ki ɗauki hoto ki tura wa wani mai ilimin lafiya a gida. Agogonsu yana gaban namu da awa huɗu da rabi, kada ki ga shiru ki ɗauka an manta da ku, barci ake yi a Daura.

TAMBAYA: Gwaggo, shekarata 22. Abokaina suna Legas suna acaɓa, sun ce in taho a watan Yuli. Babana ya ce in bari sai an cire amfanin gona. Wa zan bi?
Daga jikanki a Ƙofar Guga, Katsina.

AMSA: Babanka za ka bi, jikana, kuma ba don ya haife ka kawai ba. Yuni da Yuli su ne tsakiyar ruwan Legas, tituna sukan cika har a rasa gane kwalta da kwata, baƙon da bai san ramukan gari ba shi ke faɗawa. Wanda ba shi da ɗaki kuma, mai kwana a rumfa ko bakin shago, a wannan lokacin zazzaɓi yake kayar da shi. Iyayenmu da suke tafiya cirani bayan kaka sun san abin da suke yi. Ka taya Baba aiki, Nuwamba ta yi ka tafi da guzurinka a aljihu.

Sana'ar ma ka sake bincike a kanta. Tun 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa da Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara wasu, kuma babur ɗin da aka kama niƙe shi ake yi. Ka tambayi abokan naka a wace unguwa suke aiki, babur na wa za ka hau, kuma in an kama wa zai biya. In amsar ba ta fito sarai ba, ka nemi wani dattijo ɗan garinmu a kasuwar Mile 12 ko Agege ya kama maka hannu a harkar kayan gwari ko awo.

Ranar tafiya ka hau mota a tasha, inda ake rubuta sunan fasinja da lambar ɗan'uwansa, ban da ta bakin hanya. Ka lissafa yadda za ka shiga Legas da safe, kuma wanda zai tarbe ka ya riga ka isa tashar. Takardar NIN ɗinka ta zauna a jikinka cikin leda. Lambar Baba da ta mai masaukinka ka rubuta su a takarda daban, saboda waya takan ɓata ko ta mutu. A cikin gari kada ka shiga motar da ba ta tasha ba don ka ji ta fi araha, akwai ɓarayi masu shigar fasinja da ake kira wan cans, kuma sun fi yawa da asuba da bayan magariba.

Amaryar da ta rubuto daga Ƙofar Marusa tana tambayar watan da ya dace su je Zanzibar ita da ango, wasiƙarki ta iso. Kafin fitowa ta gaba, ku dakata da biyan kuɗin Afrilu da Mayu, lokacin babban ruwansu ke nan.